Sai Kin Ga Ya Isa, 'Yata

 Na ji an ba ki aikin tattara bayanai a asibitin mazaɓarku, har an damƙa miki wayar aiki da layinta. Na yi farin ciki ƙwarai. Ke mai natsuwa ce tun kina ƙarama, ba na shakkar za ki riƙe aikin da kyau. Amma zauna tukuna, akwai 'yar magana da nake so ki ji kafin hannunki ya saba da wayar nan. Maganar saitinta ce, wato abubuwan da ake rubuta mata don ta san inda za ta kai saƙo da hanyar da za ta bi. A wurin horo akan wuce wannan da sauri, a daɗe a kan cike fom. To fom ɗin da aka cike tsaf, in bai je inda aka nufa ba, wahala kawai aka sha.

Dubi ƙasarmu. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ba ki yin tafiyar kirki ba ki ga gida ba. Gona manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Masu bincike irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin yadda 'yar ƙasa kaɗan take ciyar da jama'a masu yawa haka, da taki da haƙuri, ba tare da an bar gona ta huta ba. Wannan albarka ce, mun gode Allah. Sai dai kusancin da ya sa maƙwabci ba ya kwana da yunwa, shi ne yake sa ciwo saurin tsallake danga. Rijiya ɗaya ake ɗiba. Makarantar allo ɗaya yara suke zuwa. Kasuwa ɗaya, suna ɗaya, biki ɗaya. Ƙyanda in ta shiga gida yau, kafin a ankara ta zagaye unguwa. Shi ya sa labarin da ke cikin wayarki ba ya son kwana.

A da takarda ce kaɗai. Ƙarshen wata ya zo, a cike babban fom na taƙaita aikin wata, a naɗe shi a leda saboda ruwa, a hau babur zuwa sakateriyar ƙaramar hukuma. Takardar tana nan har yau, kuma kada ki raina ta. Amma yanzu alƙaluman suna ƙarewa ne a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take kula da ita, wadda Najeriya ta ɗauka ta zama rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Aikin gida-gida kuma, yawanci da ODK Collect ake yi, wadda ta samo asali a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, ko KoboCollect da aka gina a kanta. Kano ta ga amfanin irin wannan a yaƙi da shan inna. An riƙa ba masu rigakafi wayoyi masu bin sawu, da taimakon ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke nan Kano, a kwashe bayanan a tura, taswira ta nuna ƙauyen da aka shiga da wanda aka tsallake. A 2014 aka ga ciwon na ƙarshe irin na asali a jihar nan, a Sumaila. A 25 ga Agusta 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da shi. A bayan wannan nasara akwai mutanen da ba a ambaci sunansu ba, waɗanda aikinsu shi ne su zauna da yamma su tabbatar bayanan yini sun tafi. Sahunsu kika shiga.

In baffanki zai aika buhunan wake Dawanau, ba ya ce wa direba "kai kasuwa" ya yi shiru. Yakan faɗi layin. Ya faɗi rumfar. Ya faɗi sunan dillalinsa, ya yi wa buhunan alamar da za a gane daga wurinsa suka fito. Kuma ba ya runtsawa sai dillalin ya bugo ya ce kaya sun sauka, buhu kaza. To saitin wayarki ke nan gaba ɗaya: adireshin inda za a kai, ƙofar da za a shiga, sunanki da shaidarki, sannan labarin isowa.

Mu fara da adireshi. Can nesa akwai babbar kwamfuta da ke karɓar abin da kika tura, ma'aikata suna ce mata saba. Tana da adireshi, dogon rubutu ne mai ɗigo-ɗigo. Harafi ɗaya in ya sauya, kin bar hanya. Madannin waya kuwa yana da karambani. Yakan mayar da ƙaramin harafi babba, ya ƙara fili a ƙarshen kalma, ya gyara miki abin da ba ki ce ya gyara ba. Filin nan na ƙarshe ba ya ganuwa da ido, amma ya isa ya hana ki shiga yini guda. In an ba ki zanen QR, ki yi amfani da shi. Kamara ce za ta karanta, ba ta gajiya, ba ta tsallake harafi. In kuma da hannu za ki rubuta, ki rubuta a hankali, ki sa wani ya karanta miki daga takarda kina bi da ido. Wasu adireshin sukan ƙare da ɗigo biyu da wata lamba. Lambar ƙofa ce, kada ki yar da ita don kin ga kamar ba ta da amfani.

Ga inda na fi so ki buɗe kunne. Sau da yawa ana da saba biyu, ta koyo da ta aikin gaske. A wurin horo, ta koyo ake sa muku don ku yi ta gwaji ba tare da kun ɓata bayanan gwamnati ba. Fuskarsu iri ɗaya ce. Fom ɗin iri ɗaya ne. In kin tura, za ta ce miki ya tafi, kuma gaskiya ta faɗa, ya tafi. Amma ya tafi inda ba mai dubawa. Mutum zai iya yin wata guda yana bin rana gida-gida, yana turawa, zuciyarsa fari ƙal, a can ofis kuwa ana ganin mazaɓarsa babu ko fom ɗaya. Ba sakaci ne ya jawo ba, an tashi daga horo ne ana gaggawar kama mota, ba wanda ya tuna ya ce a sauya. Saboda haka ranar da kika fara aiki, ki buɗe saitin, ki karanta wa jami'in bayanai na ƙaramar hukuma adireshin harafi-harafi, ki ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce ta aikin gaske?" Matambayi ba ya ɓata. Haka ma Kobo tana da saba fiye da ɗaya, kuma sunan da aka buɗe a wannan ba ya shiga waccan. In an ce miki ba a san ki ba alhali kin tabbata kin rubuta daidai, ki duba ko ƙofar maƙwabta kike bugawa.

A farkon adireshin za ki ga haruffan https. Harafin s ɗin nan yana nufin abin da zai bar wayarki a kulle yake, ba mai karanta shi a hanya. Kafin waya ta yarda ta miƙa komai, sai saba ta nuna mata takardar shaida, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. A nan ne agogo yake shigowa. Wayar da batirinta ya mutu murus ta kwana biyu a aljihun tebur, wani lokaci takan farka da kwanan watan wata tsohuwar shekara. Sai ta dubi takardar shaidar ta ga kamar lokacinta bai yi ba, ta ƙi haɗawa. Ga sabis cike, ga data, amma shiru. Ki sa agogon ya riƙa ɗaukar lokaci daga layi da kansa, ki tabbatar yana kan lokacin Afirka ta Yamma, awa ɗaya gaba da GMT. Agogon da ya ɓata yana da wata illar kuma. Zai buga wa fom ɗinki ranar ƙarya, a ga kamar kin yi wa yaro allura kafin a haife shi. Akwai kuma tsofaffin wayoyin Android, waɗanda ba su kai 7.1.1 ba, da suka daina gane wasu takardun shaida tun 2024. In irin wannan aka ba ki, ba laifinki ba ne, ki kai rahoto a sauya. Abin da ba na so shi ne wani ya ce ki goge s ɗin don abin ya wuce. Ko ya wuce, a buɗe ya wuce.

Sai sunan shiga da kalmar sirri. Naki naki ne, 'yata. Duk abin da aka tura da shi, ke za a tambaya. Na san yadda zaman asibitin karkara yake. Ku kaɗan ne, kun zama 'yan uwa, kwano ɗaya kuke ci. Wata rana abokiyar aiki za ta ce nata ya ƙi, ki ara mata naki ta tura kafin a rufe. Ba mugunta take nufi ba. Amma in aka samu kuskure a alƙaluman, babu yadda za a gane wa za a koma wa don a gyara. Ki taimake ta ta hanyar da ta fi, ki kira wanda zai sabunta mata nata. Zanen QR ɗin nan ma, a wasu tsare-tsaren makullin yana cikinsa. Duk wanda ya samu hotonsa ya samu shiga da sunanki. Kada ki bar shi a cikin hotunan wayarki ta gida, kada ki jefa shi a zauren WhatsApp. In kin rubuta kalmar sirri ta ƙi sau biyu, ki dakata. Wasu sabobin sukan rufe mutum in ya yi ta kuskure a jere. Ki duba babban harafi da ƙarami, ki duba sifiri da harafin o, ki sha ruwa, sannan ki sake.

Yanzu hanyar da saƙon zai bi. A nan ƙasar tamu layi yana da halinsa. A wannan ƙauye MTN ce ke kamawa, a na gaba Airtel, a wani wurin sai an fita bayan gari an tsaya kan tudu. Ki san halin wurinki kamar yadda kika san gidajensa. Ki san kusurwar da sabis yake sauka a harabar asibiti, da lokacin da yake sauka. Ranar kasuwa da rana tsaka, jama'a sun taru kan ƙarfen sabis ɗaya, kowa yana kira, masu POS suna ta aiki, fom mai hoto zai sha wuya. Bayan asuba hanya takan zama fayau. In wayar mai layi biyu ce, ki duba wanne aka zaɓa wa data, don sau da yawa kuɗin yana wannan, wayar tana nema a wancan. Tun 2023 lambobin dubawa sun zama iri ɗaya a kowane kamfani. Ki danna *323# ki ga ragowar data, *310# ki ga ragowar kuɗi. Ki kuma tambayi da sunan wa aka yi rajistar layin aikin, kuma ko an haɗa shi da lambar NIN. A 2024 an rufe layuka da yawa saboda wannan. Gara ki sani yanzu da a rufe shi ana tsakiyar zagayen rigakafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani lungu a saitin layi mai suna APN, shi ne yake gaya wa waya mashigar intanet ta kamfanin. Yawanci da kansa yake shiga in an sa layi. Wani lokaci, in wayar ta taɓa zama da layin wani kamfani, yakan rikice. Alamarsa ita ce kira yana shiga, data tana nan, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Akwai wurin da ake mayar da shi yadda kamfani ya tsara, dannawa ɗaya ce. Wannan ke nan a kansa, ba abin tsoro ba ne.

A cikin manhajar kanta akwai zaɓi uku da suka cancanci ki zauna a kansu. Na farko, turawa da kanta. Ana iya sa ta tura ta Wi-Fi kaɗai, ko ta datar layi, ko duka biyun. Wanda ya saita wayar a ofis cikin birni, inda Wi-Fi yake, zai iya barinta a kan na farko bai lura ba. Ke kuwa a ƙauye babu Wi-Fi, sai fom ya yi ta taruwa yana jiran abin da ba zai zo ba. Na biyu, girman hoto. Hoton rajista ba ya buƙatar girman hoton biki. In an yarda ki rage, ki rage daidai yadda rubutu zai karantu, zai fi saurin tafiya kuma datar wata za ta kai ki. Na uku, gogewa bayan turawa. Wannan ki bi umarnin shugabanninki, domin akwai hikima ta kowane ɓangare. Barin fom a waya yana ba ki abin dubawa, goge shi kuma yana kare sirrin mutane in wayar ta ɓata. Ki tambaya, kada ki yanke da kanki.

Ki kuma gane cewa fom yana da zango uku. Akwai wanda kika ajiye ba ki gama ba. Akwai wanda kika kammala yana jiran tafiya. Akwai wanda ya tafi. Na farko ba zai taɓa tafiya ba ko sabis ya cika gari, sai kin koma kin rufe shi. Kowace yamma, kafin ki sa wayar a caji, ki dubi lissafin nan uku. Ki gwada da rajistarki ta takarda. In yara talatin kika gani, talatin ya kamata ki gani sun fita. A manhajar DHIS2 ta waya ma akwai 'yar alama a gefen kowane bayani, tana nuna ko ya haɗu da saba, ko yana jira, ko an ƙi shi. Wanda aka ƙi, ki buɗe ki karanta dalili.

Eh, ki riƙa karanta abin da waya ta ce. Yawancinmu da mun ga jan rubutu sai gaba ya faɗi, mu danna mu rufe. Alhali a ciki aka faɗi inda ciwon yake. In kin ga 401, saba ce take cewa ba ta gane ki ba, sai ki koma kan suna da kalmar sirri. In 404 ce, an je amma ba a samu wurin ba, ko adireshi ya karkace ko an janye fom ɗin. In 500 ce ko wata lamba kusa da ita, matsalar tana can wurinsu, babu abin da za ki taɓa a wayarki ya gyara ta. In kuma cewa ta yi lokaci ya ƙure, hanya ce ta yi nauyi, ki sauya wuri ko ki sauya lokaci. Ki ɗauki hoton saƙon, ki rubuta ranar da ƙarfe nawa. In kin kira jami'i kika ce "ta ƙi," bai san ta inda zai fara ba. In kika ce "ƙarfe huɗu ta ba ni 401, kuma shafukan intanet suna buɗewa," kin rage masa rabin aiki, kuma zai riƙa ɗaukar kiranki da sauri.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne taɓe-taɓe lokacin da laifin ba na wayar ba ne. Kin tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma? MainOne da WACS da SAT-3 da ACE duk abin ya shafa. Bankuna suka yi ta tangal-tangal, tura kuɗi ya gagari mutane da dama. A irin wannan rana, wanda ya zauna yana sauya adireshi, yana goge wannan yana sake wancan, in intanet ta dawo za ta same shi da saitin da ya lalace. Wanda ya haƙura kuwa, fom ɗinsa suna nan a jere cikin waya, hanya na buɗewa su wuce. An gina manhajojin nan ne don wurare irin namu. Sun san jira. Saboda haka kafin ki taɓa komai, ki kira ta mazaɓar kusa ki ji ko ita ma haka take fama. In ku duka ne, ki ajiye waya ki ci gaba da takarda.

Wannan kuma ki riƙe shi da hannu biyu. Muddin akwai fom da bai tafi ba, kada ki cire manhajar, kada ki share ma'ajiyarta, kada ki mayar da wayar sabuwa. Fom ɗin da bai tafi ba, a wayar nan kaɗai yake a duk duniya. Mai gyaran waya na bakin kasuwa yaron kirki ne, yana son ya taimaka, kuma maganin da ya fi sani shi ne ya wanke waya tas. A wayar gida wannan yakan yi aiki. A wayar aiki, dannawa ɗaya za ta tafi da zagayen mako guda, da gidajen da kika shiga, da iyayen da kika lallasa har suka fito da 'ya'yansu. Ba zai dawo ba. In wayar ta samu matsala, ofis za ki kai ta, ki faɗa musu da bakinki cewa akwai abin da bai tafi ba a ciki.

Kada kuma ki sake cike sabon fom don kin ga na farko ya yi jinkiri. In kin sake tura wanda yake nan, saba tana gane shi, don kowane fom yana da lambarsa ta ɓoye. In kika cike sabo, yaro ɗaya ya zama biyu. Za ki ce mene ne a ciki? Da alƙaluman nan ake lissafin allurar da za a aiko muku, da maganin zazzaɓin damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, da gidan sauro. In lissafi ya yi ƙasa, uwa za ta taho da goyo daga nesa a ce mata allura ta ƙare, kuma ba lalle ta sake dawowa ba, ga shuka ga noma. In ya yi sama, za a ɗauka an gama da ƙauyenku alhali akwai yaran da ba a taɓa ba, kuma kayan da aka ƙara muku daga rabon wata mazaɓa aka ɗebo.

Akwai ranar da za ki gaji, wani ya ce, "Ɗauki hoton rajistar kawai ki turo ta WhatsApp." Na san sauƙinsa. In jimilla ce kawai, mutum kaza aka gani, kuma shugabanninki sun amince, babu damuwa. Amma shafin da ke da sunaye, a'a. A hanya saƙon a kulle yake, wannan gaskiya ne. Matsalar tana inda ya sauka. Yana zama cikin hotunan wayar kowa da ke zauren, wayar da yara ke wasa da ita da dare, wadda ake bari a shagon caji. A ƙasar da kowa ya san kowa, suna ɗaya da sunan unguwa sun isa. Matar da ta zo awon ciki ba ta gaya wa dangin miji ba tukuna. Dattijon da ke karɓar maganin tarin fuka a ɓoye. Sun faɗa miki ne don sun yarda da ke. In maganar ta fita, ba su kaɗai za su daina zuwa ba, maƙwabtansu ma za su ja baya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Amma ke tun kafin doka an koya miki riƙon amana a gida.

Sai dai kada jiran intanet ya sa ki zauna da labarin gaggawa. Yaro ya wayi gari ƙafa ta saki. Gida ɗaya mutum uku suna amai da gudawa. Yaro da kumburin wuya da farin abu a maƙogwaro, irin mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki. Irin waɗannan, ƙa'ida ita ce a sanar cikin awa 24. Ki ɗauki waya ki kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da murya, nan take. In kira ya ƙi, a hau babur. Fom ya biyo baya.

Wata rana, in Allah ya ɗaga ki, za ki koma ofishin ƙaramar hukuma, a ba ki kwamfuta, a ce ki riƙa tura manyan fayiloli da manhaja irin su FileZilla ko WinSCP. Kada ki firgita, tambayoyin nan ne dai suka sake riga. Adireshi, ƙofa, suna, shaida. Za ki ga zaɓi tsakanin FTP da SFTP. Ta farko tsohuwa ce, tun 1971 take, ƙofarta 21, kuma tana tafiya da kalmar sirri a fili. Ta biyu ƙofarta 22, a kulle take tafiya, ita za ki zaɓa in an ba ki dama. Ranar farko za ta nuna miki wata doguwar lamba, tambarin sabar ke nan, ki gwada da wanda ofis ya ba ki kafin ki amince. In wata rana ta ce tambarin ya sauya, ki tsaya ki tambaya. Wasiƙar imel ma haka, yawanci 587 ce ƙofar fita, 993 ta shigowa. In an tura fayil, ki dubi girmansa a can ki gwada da na wurinki, don yankewar layi takan bar rabin fayil mai cikakken suna.

Ki samu ɗan littafi mai bango mai ƙarfi, ki ajiye shi tare da rajista. A shafin farko ki rubuta adireshin saba, da sunan fom, da lambar layin aiki, da wanda za a kira in abu ya tsaya. Kalmar sirri kaɗai ba ta shiga ciki. Duk ranar da aka sauya wani saiti, ki rubuta yadda yake a da, da yadda ya koma, da wanda ya ce a sauya. In sabon ya ƙi, kin san hanyar komawa. In haihuwa ta zo ko aka yi miki canjin wuri, wadda za ta karɓe ki ba za ta fara daga duhu ba, sai ta yi ta sa miki albarka.

A makon nan, kafin aiki ya yi yawa, ki cike fom ɗaya na gaske, ki tura, sannan ki kira jami'in bayanai ki roƙe shi ya buɗe nasa ɓangaren. Ya faɗa miki sunan asibitin da ya gani, da kwanan wata, da sunan wadda ta turo. In duka ukun sun yi daidai, ki rubuta ranar a littafinki. Ki maimaita haka duk lokacin da aka sauya waya, ko layi, ko fom, da kuma kwana biyu kafin kowane zagayen rigakafi. Ki riƙa goge ƙurar hunturu daga kan sola don caji ya riƙa cika. Ki gaishe mini da mahaifiyarki da abokan aikinki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ikon riƙewa.